Ido Ɗaya Tsakanin Gari Uku

Jama'a da dama sun tsaya a shagonmu na Diobu suna tambayar labarin hotunan nan biyu da muka rataye a saman benci, na walƙiya da na buhunan albasa. Wasu sun ce a kwamfuta muka haɗa na walƙiyar. Wani dattijo ma cewa ya yi, in dai gaske ne, to wanda ya ɗauka da sauran gyara a kansa, kuma ba mu yi masa musu ba. Da masu wannan mujalla suka ce mu ba da labarin a rubuce, sai muka ga gara a faɗe shi gaba ɗaya, har da wuraren da muka yi wauta.

Mu uku ne. Wuri ɗaya muka koyi aiki, a wani shagon hoto a Sabon Garin Zariya, daga baya neman abinci ya rarraba mu. Babbanmu yana Inugu, wajen Asata. Na tsakiya yana Anacha, ba nisa da masallacin Bida Road. Autanmu shi ne a nan Fatakwal. Ba uwa ɗaya ba uba ɗaya ba, amma maigida ɗaya ne ya yi shekara huɗu yana zaginmu tare, wannan ma ai zumunci ne. Aikinmu kun san shi: fasfo, suna, ɗaurin aure, walimar sauka, da hoton Sallah na yara masu sabon takalmi.

Abin da ya ja mu ga hadari kuwa, waya ce. Duk mai iyaye a gida ya san gaisuwar damina. A ce maka, "Yaya ruwa?" kai kuma ka ce ya yi gyara. To amma wane gyara? A Sakkwato ruwan shekara guda bai cika wuce milimita 700 ba. Na Fatakwal yana haura 2,000 nesa ba kusa ba, wato ya ninka sau uku har da ɗoriya. Mutumin da ya saba fita roƙon ruwa, ta yaya za ka fahimtar da shi cewa akwai garin da ake kwana uku ba a ga rana ba, wankin da ka shanya ya yi wari a kan igiya, takalminka na Juma'a ya yi gashi a ƙarƙashin gado? In ka faɗa sai a ce kana yi wa ni'ima butulci. Muka ce to, gani ya kori ji, mu da muke da kyamara me muke jira?

Akwai kuma wani abu da ya daɗe yana ci mana rai. Mutanenmu suna waɗannan garuruwa tun jirgin ƙasa ya fara jan kwal daga Inugu zuwa Fatakwal, wajen 1916 ke nan, na Anacha ma sun riga haka ta hanyar kogi. Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, shi ne ya fara zama magajin garin Inugu a shekarun 1950. Amma nemi hoton zamanmu na yau da kullum ka gani, da ƙyar za ka samu. Ba a zuwa unguwanninmu da kyamara sai in kasuwa ta ƙone, ko an rushe rumfuna, ko an yi rigima. Yadda mai shayi yake kare wutarsa daga ruwa, yadda ake tattare tabarmi a guje in hadari ya taso ana tsakiyar huɗuba, babu wanda ya ajiye mana wannan.

Ga wanda bai san harkar ba, kyamara irin tamu kashi biyu ce. Akwai jiki, akwai kuma gilashin da ake ɗaura mata a gaba, wanda 'yan sana'a ke cewa lens, mu kuma a tsakaninmu muke cewa ido. Ana cire shi a sa wani. Kowanne da lambarsa ta milimita a jiki. In lambar ƙarama ce, kamar 10 ko 18, idon mai faɗin gani ne, yana kwashe fili da yawa, sai dai komai ya ƙanƙance ya ja da baya. In babba ce, 200 ko 300, mai hangen nesa ke nan, yana janyo abin da ke can ya kawo maka shi gabanka, amma ta ɗan siririn wuri kamar mai leƙe ta kafar makulli. Kyamarorinmu duka Canon ne, irin masu ƙaramin faranti, saboda haka ido ɗaya zai hau kowacce. Kuma duk abu biyu muke da su: ɗan 18 zuwa 55 ɗin nan da ke zuwa tare da kyamara, da kuma 50 da muke yi wa amare hoto da shi.

Bayan ƙaramar Sallar 2022, da kuɗin hoton Sallah suka ɗan taru, muka haɗa adashe. Da aka lissafa, kuɗin ido ɗaya ne tak, shi ma na hannu. Daga nan aka yi kusan mako uku ana musu a waya, kati ya sha wuya.

Babbanmu ya ce mai faɗi ko a fasa. Hujjarsa garinsa. Inugu a gindin tsaunukan Udi take, in ka hau tsohuwar hanyar Milliken Hill mai zuwa Ngwo ka juyo ka fuskanci gabas, gari gaba ɗaya yana ƙarƙashinka kamar an shimfiɗa tabarma. Hadarin farkon damina da na ƙarshenta kuwa daga gabas yake tasowa, kamar dai na gida, da iska a gaba, da baƙin gindi miƙe daga wannan gefe zuwa wancan kamar ganuwa. Ya ce 18 ɗinsa ba ya iya ɗaukar ganuwar nan. Har lissafi ya yi mana: a kyamararmu 18 yana ganin faɗin digiri 64 ne ko kusa da haka, shi kuwa bakan gizo in ya cika daga ƙafa zuwa ƙafa digiri 84 yake ci, 10 kuma yana wuce 90. Ya ce, "Na gaji da yanka bakan gizo biyu kamar mai sayar da kankana."

Na Anacha ya ce, "Yaya, kai sama kake kallo, ni kogi nake kallo." A wajensa abin gani yana kan ruwan Kwara: gadar nan ta 1965 mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi, da sabuwar da ake ginawa a ƙasanta a lokacin, da masu kwalekwale, da masu haƙar yashi. Ya ce ruwan sama yakan ratsa kogin ya nufi Asaba kamar ana jan labule, kana tsaye kana ganin bakinsa yana tafiya. Da ido mai faɗi, kwalekwale sai ya zama ƙwayar gero. Shi dogo yake so. Kuma gaskiya hujjojinsa masu ƙarfi ne. Dogon ido yana tattaro ɗigon da ke tsakaninka da abin da kake ɗauka ya cushe su wuri ɗaya, ruwan ya fito da kaurinsa. Malafarsa, wato robar da ake sa masa a baki, tana da zurfi, feshi ba ya saurin kai wa gilashi. In ma ɗigo ɗaya ya faɗa, bai cika fitowa a hoto ba. Uwa uba, kana iya tsayawa cikin rumfa a bushe ka yi aikinka.

Auta dariya ya yi musu. Ya ce ku kuna da sama, ni ina na gan ta? Fatakwal shimfiɗaɗɗen gari ne, babu tudun hawa, kuma daga Yuli zuwa Satumba ba hadari ake yi ba, mamako ne daga ɓangaren teku, ba cida ba walƙiya, sama ta yi fari fat ko ta yi ruwan toka ta zauna. Ga baƙin tokar nan da ta fara sauko mana tun ƙarshen 2016, wadda kowa ya san ta a tafin ƙafar yaransa. Ya ce shi ba faɗi ne matsalarsa ba, ba nisa ba, haske ne. Kuma yana tsoron duk idon da ke miƙewa yana komawa in ana zum, don irin wannan kamar famfon keke yake, duk murɗawa yana zuƙar iska mai laima da toka ya kai ciki.

Wanda ya raba gardamar ba Bahaushe ba ne. Wani tsohon mai hoto ne a Inugu, Inyamiri, tun zamanin fim da ɗakin duhu, wanda ya tashi a Jos yana jin Hausa kamar jakin Kano. Babbanmu ya je gaishe shi ya kwashe labari ya gaya masa. Tsohon ya ce, "Ɗana, abin da ke nesa kana iya takawa ka matsa kusa da shi. Sama ce ba ka iya ja da baya don ta shiga. Ku sayi abin da ƙafa ba za ta yi muku ba." Sannan ya tambaya, "A ina za ku riƙa ajiye shi?" Babbanmu ya ce a jaka mana, Oga. Tsohon ya girgiza kai ya fara wani dogon bayani, amma shi Yaya hankalinsa ya riga ya tafi ga yadda zai kira mu ya ce ya yi nasara. Wannan rashin sauraro daga baya mun biya kuɗinsa.

A Anacha aka saya, ɗan 10 zuwa 18, na hannu, irin wanda a can suke kira Beljiyam. Na tsakiya ne ya je, yana ɓacin rai amma ya yi aikin da amana. Ya cire murfin gaba da na baya, ya haska tocilar waya ta ciki ya duba ko akwai hazo ko zare-zare, ya murɗa ya ji ko yana cijewa, ya ɗaura a kyamararsa ya ɗauki bango ya duba kusurwa huɗu. Duk mai sayen ido na hannu a ƙasar nan ya yi haka kafin ya ƙirga kuɗi, komai rantsuwar mai kaya. Muka yanke kowa zai riƙe mako uku. Ana naɗe shi da tsohon rawani a sa cikin kular abinci, a ba direba a tasha, a ce masa magani ne kar a ɗora kaya a kai.

Inugu ya fara zuwa. Wata ranar Laraba bayan Magariba gabas ta fara ƙifta ido, babbanmu ya roƙi wani abokinsa mai harkar shanu a Gariki ya kai shi kan tudu a mota. Hoton walƙiya da dare ba saurin hannu ba ne, don babu yatsan da zai riga ta. Tarko ake ɗanawa. Ka kafa kyamara a kan mai ƙafa uku, ka kashe saitin da take yi da kanta ka saita da hannu a kan fitilun gari mafi nisa, ka rage ƙofar haske zuwa 8, ka sa ISO a 100, sannan ka bar kyamarar a buɗe daƙiƙa 15 ko 20. In walƙiya ta faɗo a cikin wannan lokaci, ta rubuta kanta. In ba ta faɗo ba, ka sake. Ya yi haka fiye da sau 40. A 10 ya fara, don yana ɗokin sabon abu, kuma lallai duk inda ta faɗo tana shiga, sai dai hadarin yana nesa, ta fito kamar zaren da ya zare a gefen riga. Dole ya riƙa murɗawa har ya kai 18, kuma a nan ne ta tsaga sama gida uku a kan gari. Shi ne hoton da ke shago. Ku lura da kyau: 18. Wato da tsohon idonsa na cikin jaka ma zai iya ɗaukar wannan hoto. Na Anacha har yau bai daina tuna masa ba, kuma ba ma sa ran zai daina.

Inda dattijon nan ya yi gaskiya shi ne abin da ya biyo baya. Sauti yana tafiyar kilomita ɗaya a cikin daƙiƙa uku, saboda haka in ka ga haske ka ƙirga har ka ji tsawa, ka raba uku, ka san nisanta. Yaya yana ƙirgawa, ya ga 24, ya ga 15, ya ce bari a ƙara ɗaya. Ta gaba shida ya ƙirga. Kilomita biyu ke nan, ga shi a kan tudu, tsaye kusa da ƙarfe mai ƙafa uku. Mai motar ne ya daka masa tsawa, "Malam, in kai ka gaji da duniya ni ina da iyali!" suka faɗa mota suka rufe gilashi suna salati. Ba jarumta ba ce, wauta ce, kuma ba mu so wani yaro ya karanta wannan ya kwaikwaya. Yanzu dokarmu, in ƙirga ta gaza 30, a naɗe kaya. Cikin mota a rufe ko cikin ginin kirki, ba gindin bishiya ba, ba rumfar kwano ba.

Don kar mu zalunci idon, bayan kwana tara ya biya wani abu daga kuɗinsa. Da La'asar sakaliya ganuwar nan ta taso, rana tana bayan mai ɗauka tana haska rufin gidaje, sama baƙi ƙirin, ya ɗauke ta daga gefe zuwa gefe a 10. Wannan hoton babu wani ido a jakarmu da zai iya shi.

A Fatakwal kuwa kunya ya ba mu. Rabin kowane hoto farar sama ce da ba ta cewa komai, rabin kuma kwalta da kwata. Ga malafarsa gajera, dole, don in ta yi tsawo za ta shigo cikin hoto, sai feshi ya riƙa samun gilashi, kuma a ido mai faɗi kowane ɗigo sai ya fito ɓaro-ɓaro kamar an liƙa kwabo. Auta ya yi kwana huɗu yana shafa yana tsaki, ya mayar da shi kula, ya ɗauko 50 ɗinsa na amare. Shi wannan ƙofarsa tana buɗewa har 1.8, ya fi ɗan 18 zuwa 55 shan haske nesa ba kusa ba, kuma ba ya miƙewa da zum. Ya sa kyamara a leda, ya huda wa ido wuri ya ɗaure da kyauron roba, ya daina kallon sama ya koma kallon mutane. A nan ya gano cewa ruwan sama ba ya fitowa a hoto sai haske ya bugo shi ta baya ko ta gefe, bayansa kuma da duhu. In ka sa ƙiftawar kyamara ta yi sauri, ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa, ɗigo ya tsaya cak kamar tsakuwa. In ka sassauta zuwa ɗaya bisa 60, ya zama zare-zare, irin yadda idon mutum yake ganinsa. Da haka ya ɗauki wani mai shayi a wajen Mile 3 da asuba, ya ja leda a kan teburinsa, fitila a bayansa, tururi yana tashi, ruwa yana zuba ta gefen ledar kamar igiyoyi, masu tura baro uku sun takure a benci. Da ya tura wa mahaifiyarsa a Zariya, ba ta ce ya yi kyau ba. Cewa ta yi, "Ashe haka kuke?" Tun daga ranar, in ta kira da damina, sai ta tambaya ko yana da busasshen kaya.

Sai ambaliya. Ba sai mun tuna wa kowa Oktoban 2022 ba. An saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, Binuwai ta cika ta haɗu da Kwara, ruwa ya hau hanya a wajen Koton Karfe da Lokoja, motocinmu na shanu da na gwari suka yi kwanaki a layi. Jirgin ruwa ya kife da mutane a Ogbaru, kudu da Anacha. Ta ɓangarenmu nan hanyar Ahoada ta yanke. A ƙasa baki ɗaya an ce fiye da mutum 600 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. A wannan makon, ido yana hannun na Anacha, mutumin da tun farko bai so shi ba.

Akwai wani matashi da ke karɓar albasa a kan amana daga wani maigida a Aliero, ya sayar ya tura kuɗi. Lokacin tsadar albasa ne, kuma ya tara buhuna a wata ma'ajiya da ke gangaren bakin kogi. Dare ɗaya ruwa ya shiga. Ya kira maigida ya faɗa, ya tura hotunan waya masu duhu, maigida ya yi shiru, daga baya ya aiko a gaya masa cewa hoton ambaliya ai ko'ina ana samu a intanet. Kun san abin da wannan magana take nufi ga mai cin abinci da amana. Ba kuɗin buhunan kawai ba, sunansa ne, a nan da can gida. Ya zo shago idonsa ja, ya ce, "Malam, don Allah ka zo ka ɗaukar mini yadda zai yarda."

Namu ya je, ya hau benen wani gida da ke kallon wurin, ya buɗe 10 ya kwashe unguwar gaba ɗaya. Hoto ya yi kyau, wallahi. Gizagizai sun kwanta a kan ruwa kamar madubi, ma'ajiyar tana can tsakiya kamar gidan ashana. Aka tura. Amsar da ta dawo ita ce, wannan ai ko a fadamarsu ana yin irinsa, ina ruwan da zai ci buhu tamanin? Yaron ya zauna a bakin shago ya haɗa kai da gwiwa.

Daren nan mun daɗe a waya mu uku. Auta ne ya ce, "Yaya, ba laifin idon ba ne. Ka tsaya a inda ake tsayawa da dogon ido, alhali gajere ne a hannunka." Washegari namu ya naɗe wando, ya sa kyamara a leda, ya shiga ruwan har cinya. Ya je dab da buhunan, bai fi kamu biyu ba tsakaninsa da na gaba, ya sauke kyamara kusa da fuskar ruwa. A gaba ga buhu ya kumbura ya fashe, albasa ta yi baƙi tana yawo, ga alamar fenti ta maigidan a jikin buhun ana karantawa. A tsakiya ga yaron tsaye a bakin ƙofa, ya ɗora hannu a kan layin laka da ruwa ya bari a bango, daidai ƙirjinsa. A baya ga titi, ga allon wani shago da duk direban da ya taɓa sauke kaya a wurin ya sani. Kaya, da mutum, da wuri, duk a hoto ɗaya, kuma duk sun fito tas, don ido mai faɗi yana riƙe na kusa da na nesa a tare. Dogon ido ba zai taɓa haɗa ukun nan ba. Maigida ya kira yaron da kansa, ya ce Allah ya mayar da alheri, aka raba asara, kuma da hanya ta buɗe ya sake turo masa mota.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, ido ɗaya ne, ruwa ɗaya ne, tsakani kwana ɗaya, amma shaida biyu. Na farko ya rage, kuma mu faɗi gaskiya, na biyu ma yana iya ƙarawa, don duk abin da ka kusanta da irin wannan ido sai ya fi girmansa. Shi ya sa namu ya dage sai yaron ya tsaya a jikin bangon, don a auna ruwan da tsayin mutum ba da girman buhu ba. Kuma shiga ruwan ba kyauta ba ne. Wani ƙarfe ya yanke shi a ƙafa, ya yi mako guda yana jinya da allurai. Ruwan ambaliya ba ruwan wanka ba ne, akwai kwata a ciki, akwai ramuka, wani wurin har da wayar wuta.

Dogon idon ma ya samu ya gwada, don a makon ya ari 75 zuwa 300 a wajen wani abokin sana'a. Ya ɗauki kwalekwale cike da katifu da yara da akuya, ruwa yana sauka a kansu, hotuna irin na jarida. Sai da ya buɗe su a kwamfuta ya ga wata mata a ciki ta ja zani ta rufe fuska. Ta gan shi ke nan, shi bai san ta gan shi ba. Bai yi mata sallama ba, bai nemi izini ba, daga nesa ya miƙa hannu ya ɗauki ranar da ta fi kowace muni a wajenta. Bai wanke hoton ba, bai tura wa kowa ba. Da gajeren ido dole ka matso, in ka matso dole ka gaisa, in an ce a'a ka ji da kunnenka. Sannan ga wata matsalar da babu littafin koyon hoto da zai gaya maka: Bahaushe da dogon baƙin abu a kafaɗa, kusa da gada, a wannan zamani. Masu tsaro suka tare shi, ya yi awa biyu yana bayani, sai da wani dattijon unguwa ya zo ya tsaya masa. Ba mu ga laifinsu ƙwarai ba, aikinsu suke yi, amma duk mai sha'awar dogon ido a garuruwan nan ya sa wannan a lissafi.

Saura tambayar tsohon nan da ba a saurara ba. Da ƙafa ta kwantar da namu, ido ya zauna a kula, cikin rawanin da ya sha laima, a rufe, kusan wata guda. Da aka buɗe aka haska tocila, sai ga wani farin abu kamar saƙar gizo-gizo ya fara daga gefen gilashi. Funfuna ce. Abin da take so ke nan, laima da duhu da iskar da ba ta motsi, kuma in ta daɗe tana cin rufin da ke kan gilashin ta bar tabon da ba ya gogewa. Mai gyara ya buɗe ya wanke, ya karɓi abin da ya karɓa, ɗan tabo ya rage a gefe, in ka fuskanci rana kana ganinsa. Laifinmu ne, ba na mai sayarwa ba. Yanzu kowannenmu yana da robar abinci mai murfin da ke kamewa, da ƙullin ƙwayoyin nan masu shan laima irin na cikin kwalin takalmi, in sun ƙoshi a gasa su a marar zafin wuta su koma aiki. Ba ma canza ido a waje in ana ruwa. In an fito daga mota ko ɗaki mai sanyin na'ura, a bar kyamara cikin jaka ta huce tukuna, in ba haka ba gilashi ya yi gumi ciki da waje. A Fatakwal kuma a hure toka kafin a shafa, don shafa ta a bushe kamar goga yashi ne. Jakar fata kuwa mun sallame ta, ita ce gidan funfuna na farko.

Wani yaro ya zo shago kwanan baya yana tambaya wane ido zai saya don ya fara irin wannan hoto. Muka tambaye shi me yake da shi, ya ce 18 zuwa 55. Muka ce ya sayi mai ƙafa uku da robar ajiya da lema, ya yi damina ɗaya da abin da ke hannunsa, ya riƙa rubuta duk hoton da ya kuɓuce masa da dalilin kuɓucewarsa, in kaka ta yi ya dawo mu duba takardar tare. Bai ji daɗin amsar ba, da alama ya so mu ambaci wani abu mai tsada.

Mun sake haɗa wani adashen. Na Anacha yana nan a kan bakansa na dogon ido, ya ce wannan karon zai riƙa neman izini kuma ba zai kusanci gada ba. Auta yana son akwatin busarwa mai aiki da lantarki, Yaya ya tambaye shi da wace wutar. Ba a yanke ba tukuna. Shi kuwa ɗan 10 zuwa 18 ya bar Fatakwal yau da safe, cikin sabuwar roba, don gabas ta fara haɗa gira a Inugu. Yaya ya kira direban sau biyu. Na farko ya ce yana Aba, na biyu ya ce ya wuce Umuahia amma ruwa ya tsare su, a daina damunsa.